Nebulaiza mai caji: sharhina bayan wata biyar

A wani kemis a Sabon Gari na sayi wannan 'yar nebulaizar, wato na'urar da ke mayar da maganin ruwa tururi a shaƙa, lokacin hunturun bara, da numfashina ya fara fito kamar usur. Mai shagon ko gama saurarona bai yi ba ya ce, "Hajiya, asma ce, ƙura ce ta tayar miki." Ya haɗa mini da salbutamol, maganin asma. Na ce masa shekara 6 ke nan ina shan maganin gyambon babban hanji, wato kolaitis. Ya yi dariya, wai me ya haɗa hanji da maƙogwaro.

Sati biyu bayan nan, wajen ƙarfe 2 na dare, ba wuta, na farka kamar an shaƙe ni. Na kunna ta, tururi na fita tsaf, na shaƙa har maganin ya ƙare. Ko gezau. Sai bugun zuciya da rawar hannu. Na ƙara zubawa, batirin ya mutu, minti 20 bai cika ba, alhali kwalinta ya yi alkawarin awanni. Da fitilar waya Baban Yara ya kai ni mota.

Likitan ƙirji na ɗora abin sauraro ya ce ƙarar a wuya take, kuma wajen jan numfashi. Hoton CT da kyamarar da aka zura suka nuna bututun iskata ya kumbura ya tsuke ƙasa da maƙogwaro. Ashe ciwon hanjin ne ya hauro. Ya ce yakan yi haka ko hanjin ya lafa, har ga waɗanda aka cire wa babban hanjin. Salbutamol tsokar ƙananan hanyoyin iska yake saki, ba ya taɓa irin wannan kumburin.

Aka ɗora ni kan magungunan rage kumburi: prednisolone, daga baya budesonide da nake shaƙa da ita wannan na'urar. Gaskiya a nan na yafe mata. Ba ta da ƙara, tana shiga jaka, har gidan biki na tafi da ita.

Amma fa batirin nan har yau yana ƙona mini rai, kullum jone take da fawa-banki kamar mara lafiya da ledar ruwa. Ragar da ke fesa maganin ma ta fara toshewa. Na koma shagon neman wata, ya ce ba a sayar da ita daban, sai dai in sayi sabuwa. Ya kuma tambaye ni ya asmar.