Sharhi: makonni takwas a ajin yoga na masu jinyar baya

Jarkar ruwa ce ta kwantar da ni. Wata safiyar Talata mai ruwa ya sauke jarka huɗu a zaure ya wuce abinsa, yara sun tafi makaranta, ni kuma ina sauri kada in makara wurin aiki. Na sunkuya na ɗaga ɗaya, lita 25, na juya da ita zan shiga tsakar gida, sai na ji wani abu ya ce ƙas a kwankwasona. Kafin wayewar gari ciwon ya sauko ta mazaunin hagu, ya bi bayan cinya da sha-raɓa har ƙaramin yatsan ƙafa, kamar ana tsira min allura. Hoton cikin jiki na MRI da aka ɗauka a asibiti ya nuna faifan guringuntsin da ke can ƙarshen gadon baya, wurin da likitoci ke kira L5-S1, ya ɓullo ya danne jijiya. Likitan ƙashi ya ce babu zancen tiyata, ya rubuta magani, ya tura ni sashen gashin ƙashi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shekara uku ina yin yoga, wato atisayen miƙe jiki da daidaita numfashi, a ɗakina ta YouTube, kuma ina ji da kaina. Nakan zauna in miƙe ƙafafu in kwantar da goshi a kan gwiwa ko gezau. Sai ga ni na koma wadda wanke ƙafa a alwala ke gagara, sai Ummi ta zuba min ruwa. Salla kuwa a kujera. Hajiyarmu ta ce a kira wanzami ya yi min ƙaho, maƙwabciyata ta ce mai ɗori, maigida ya ce ai dama wannan lanƙwashe-lanƙwashen ne ya ja min. Ban tanka masa ba, don ni ma zargin da nake yi ke nan a zuci.

A mako na goma, bayan ciwon ƙafar ya lafa, na yi rajista da wani aji na intanet da aka shirya musamman don masu farfaɗowa daga ciwon baya. Makonni takwas ne, zama biyu a mako ta Zoom, kowane zama awa ɗaya. Malamar 'yar Indiya ce, tana koyarwa bisa tsarin B.K.S. Iyengar, mutumin da ya rayu daga 1918 zuwa 2014 ya kuma buɗe makarantarsa a birnin Pune na Indiya a 1975. Shi ne ya yaɗa amfani da bulo da igiya da bargo da kujera a yoga, domin wanda jikinsa ba zai kai ba ya samu abin dogarawa. Da na ji cewa shi kansa ya taso ne cikin laulayi, ya sha zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka tun yana yaro, sai na ji hankalina ya ɗan kwanta da tsarin. Wanda ya san kwanciya ya fi tausayin majinyaci.

Kafin in biya kuɗi sai da na nuna wa mai yi min gashin ƙashi jerin atisayen. Ta duba, ta soke biyu da biro, ta ce, "Malama, ki je ki yi, amma duk ranar da kika ji ciwon ya sake gangarowa ƙafa, ki tsaya ki kira ni." Ta kuma ja min kunne a kan alamomin da ba a jira da su: mutuwar fata tsakanin cinyoyi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ƙafa ta fara raunana tana jan ƙasa. Waɗannan na asibiti ne a ranar, ba na tabarmar yoga ba. Ita ma malamar ajin ta turo takardar tambayoyi mai shafi uku, kuma ba ta karɓe ni ba sai da na aika mata da abin da likita ya rubuta. Wannan ya burge ni tun kafin a fara.

Kayan aiki ba su ci min kuɗi ba. An ce a nemi bulo biyu, igiya, dogon matashi da kujera marar hannu. Na ba kafintan layinmu awo, inci 9 da 6 da 4, ya yanko min katako biyu ya goge bakinsu. Igiya kuwa tsohon majanyin da na goyi autana da shi na ɗauko, kuma ya fi duk wata igiyar kanti riƙo a hannu. Tim-tim ɗin falo ya zama matashi. Da malamar ta ga majanyin a kyamara ta tambaye ni mene ne, na yi mata bayanin goyo, ta yi dariya ta ce kowa ya duba gidansa kafin ya tafi kasuwa.

Makonni biyun farko, gaskiya, na ji kamar an cuce ni. Kwanciya ce kawai. Ki kwanta rigingine, ki ɗora sha-raɓa a kan kujera, ki ja numfashi kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida. Ki juya rub da ciki, ki ɗago ƙirji a kan gwiwar hannu, ki tsaya minti ɗaya, ki sauka. Shi ke nan. Ina kwance ina lissafin kuɗin da na biya da datar da ke ƙonewa, ina cewa a raina wannan ai ko Hajiyarmu za ta iya koyar da shi. A zama na uku na kasa haƙuri, na faki idon malamar na sunkuya gaba in gwada ko hannuna zai taɓa yatsun ƙafa kamar da. Ashe tana gani. Ta kira sunana, ta ce in miƙe a hankali, sannan ta tambaye ni: da wa nake gasa? Na ce ba kowa. Ta ce a'a, da matar da nake shekarar bara nake gasa, kuma waccan matar ba ta cikin ajin nan. Na ji haushi ƙwarai. Daren ranar kuma ciwon ya dawo har diddige, jiki magayi, kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Daga nan na fara sauraro da kunnen basira, kuma a nan ne na ga amfanin kuɗina. Matar ba ta cewa a yi abu ba tare da dalili ba. Ta bayyana cewa sunkuyawa gaba da lanƙwasasshen baya na matse gaban faifan, ya tura abin da ke cikinsa baya, daidai inda jijiyar take. Shi ya sa aka ɗage min wannan zaman da nake tinƙaho da shi. Ta ce da dare faifan kan tsotsi ruwa ya cika, har mutum kan fi tsawo kaɗan da safe, don haka awar farko bayan tashi daga barci ita ce mafi hatsari ga sunkuyo da ɗaukar kaya. Sai na tuna ƙarfe nawa na ɗaga jarkar nan. Ta koya mana lura da inda ciwo ke tafiya: idan yana janyewa daga ƙafa yana taruwa a tsakiyar baya, ko da ya ɗan ƙaru a can, alamar alheri ce, idan yana gangarowa ƙasa, a dakata. Mai gashin ƙashina ta tabbatar min da haka, ta ce a wurinsu ma sananniyar ƙa'ida ce daga tsarin Robin McKenzie, wani masanin gashin ƙashi na ƙasar New Zealand. Sai kuma ma'aunin ciwo daga sifili zuwa goma: a ajin nan ba a wuce uku. Ni da na saba da cije baki in danne, sai da na koyi bambanta tsamin nama, wanda ba laifi, da zugin jijiya mai kama da jan wutar lantarki.

Akwai kalma guda da take yawan maimaitawa, ahimsa, wato rashin cutarwa, ɗaya daga cikin ƙa'idojin farko a tsohuwar koyarwar yoga da ake dangantawa da Patanjali, wani malamin Indiya na zamanin da. Ita tana fassara ta da cewa kada ka cuci jikinka don burge idonka. Ni kuwa ba daga Indiya abin ya shige ni ba. Wata rana ina ƙorafin sallar kujera, ina cewa ji nake kamar ban yi salla ba, sai Hajiyarmu ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, Wanda ya ce ki tsaya ai Shi ya ce in ba ki iya ba ki zauna. Kin fi Shi sanin jikinki ne?" Hadisin Imrana ɗan Husaini take nufi: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Tun ina Islamiyya na haddace shi, amma sai a ranar na ga cewa girman kai ne ke sa ni ƙin rangwamen da aka yi min, a kan darduma da kan tabarma duka. Bayan wannan ban ƙara jin kunyar sa bulo a ƙarƙashin hannu ba.

Tunda na taɓo addini, na san tambayar da wasu za su yi. Yoga ta samo asali ne daga al'adun addinin Indiya, kuma malamai sun yi magana a kai. Majalisar fatawa ta Malesiya ma a 2008 ta hana Musulmi yogar da ke haɗe da rera kalmomin ibada. Na tambayi malamar tun ranar farko. Ta ce a wannan ajin babu rera komai, babu jerin atisayen da ake kira gaisuwar rana, kuma haka na gani har aka gama. Sunayen atisayen dai da Sanskirit, tsohon harshen Indiya, take faɗinsu, kamar bhujangasana, wanda ma'anarsa tsayuwar maciji ce kawai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Ta fuskar likitanci kuwa, ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP a 2017 ta sanya yoga cikin hanyoyin da ba na magani ba da take ba da shawarar a fara da su ga ciwon baya da ya daɗe. A lura, wanda ya daɗe aka ce. Ba a ce mutum ya ji ciwo yau gobe ya shimfiɗa tabarma ba.

To, ga inda ajin ya gaza. Na farko lokaci. Indiya na gabanmu da awa huɗu da rabi, don haka zaman ƙarfe 11 na safiyarsu shi ne 6:30 a nan, daidai lokacin da gida ke kacame da neman safa da ɗumamen tuwo. Matar da ta gargaɗe mu game da awar farko ta safiya ita ce ta sa mana aji da sassafe. Ni dai tashin asuba ne ya cece ni, don kafin a fara na yi fiye da awa a farke. Biyan kuɗin ma sai da ƙanena da ke waje ya biya na tura masa naira, katina ya ƙi wucewa. Ranar da sabis ya yi rauni kuwa, malamar kan daskare a fuskar waya da hannu ɗaya a sama, ni ina maƙale a bango ina jiran ta ce a sauka.

Babban aibin dai yawan ɗalibai ne. Mu goma sha huɗu ne, kowa da irin ciwonsa: mai faifai irina, mai tsukewar hanyar jijiya, mai ciwon ƙugu bayan haihuwa. Abin da ke sauƙaƙa wa wani shi ke tayar wa wani, domin mai tsukewar hanyar jijiya sunkuyawa gaba ce ke ba shi sauƙi, ni kuma ita ce dafina. Malamar na ƙoƙari, amma ido biyu ba sa tsare murabba'i goma sha huɗu a allon kwamfuta. Sati biyu cur ina yin wani atisaye da ƙugu a karkace ba ta lura ba, sai mai gashin ƙashina ce ta gano da ta sa na gwada a gabanta, ta dafa ƙashin da hannu ta gyara cikin daƙiƙa biyar. Akwai abin da kyamara ba ta yi. Sannan wa'azin ƙarshen zama kan yi tsawo. Minti goma ana cewa ki rungumi ciwonki, ki gode masa. Ni ban gode wa jarkar nan ba, kuma ba ni da niyya.

Yanzu wata biyu ke nan da kammalawa. Ciwon ƙafar ya tafi, sai ɗan nauyi a ƙugu idan na daɗe a zaune ina duba takardun jarrabawa. Ba zan iya rantsuwa cewa ajin ne ya yi ba, domin gashin ƙashi na nan, tafiyar yamma na nan, kuma likita ya faɗa min tun farko cewa irin wannan faifan yakan lafa da kansa a hankali. Abin da na tabbata ajin ya ba ni shi ne ya cire min tsoron motsi. Kafin in shiga, ko atishawa zan yi sai na dafa bango. Yanzu na san yadda zan sauka ƙasa da gwiwa, baya a miƙe, da yadda zan tashi daga gado ta gefe.

Wanda likitansa ya yarda, ciwonsa ya wuce matakin zafi, kuma yana da mai duba shi ido da ido ko sau biyu a wata, ajin ya cancanci kuɗinsa. Wanda ba a yi masa gwaji an san abin da ke damunsa ba, kada ya soma. Da za a ce in ba shi maki, bakwai cikin goma zan ba shi, ukun da na riƙe na cunkoso ne da lokaci.

An buɗe rajistar zango na biyu, ban shiga ba. Na karɓi bidiyon zaman da aka naɗa ina bi da la'asar, minti ashirin. Goshina bai kai gwiwa ba har yau, ban ma sake gwadawa ba. Ƙasa dai ya kai: ranar Juma'ar da ta wuce na mayar da kujerar salla falo. Mai ruwa kuwa na ƙara masa wani abu a kan kuɗin kowace jarka, yanzu har bakin randa yake kai su.