Sharhi: talabijin mai inci 55 a falon da ake zama mita biyu da rabi

Talabijin ɗin da wannan sharhi ya shafa irin wanda ya cika kasuwa ne yanzu: LED mai inci 55, mai kaifin hoton da ake kira 4K, mai ƙafafun tsayawa biyu gefe da gefe, wanda har yau wasu ke kira filasma. An yi amfani da shi a falo mai matsakaicin girma, daga idon mai zama a kujera mai zaman mutum uku zuwa fuskar allo santimita 250. Hukuncina a kansa: a wannan nisa girmansa ya yi daidai, amma daɗin kallo ya dogara da abin da aka jona masa da kuma inda aka rataye shi.

Inci 55 ɗin nan daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Faɗin allon kusan santimita 122 ne, tsayinsa 68 da rabi. Mai inci 43 faɗinsa 95, mai 65 kuma 144. Ratar inci goma tsakanin 55 da 65 ba ta da yawa a baki, amma filin allon mai 65 ya fi na 55 da kusan kashi 40 cikin ɗari. A shago ba za ka gane hakan ba, domin rufin yana da tsawo kuma an jera su da yawa, kowanne sai ya yi maka ƙanƙanta.

Lissafin da ke aiki shi ne ka auna nisan zama da santimita ka raba shi huɗu, abin da ya fito shi ne incin da ya dace. Wannan ya yi daidai da shawarar ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta Amurka, SMPTE, cewa allo ya cika kusan digiri 30 na ganin mutum. Kamfanin THX, mai tantance ingancin hoto da sauti, ya fi son digiri 40, irin na silima, wato a raba uku. Santimita 250 a raba huɗu ya ba da 62, kenan tsakanin 55 da 65 ake. Idan babu tef ɗin awo a kusa, ƙirga tayil: mai santimita 60 guda huɗu sun ba ka 240. Daga inda kai ke jingina ake aunawa, ba daga bango zuwa bango ba. Ɗakin ƙafa sha biyu-sha biyu tsawonsa mita 3.66 ne, amma in ka cire kaurin bayan kujera da na talabijin, abin da ya rage bai fi mita uku ba. A can, mai inci 43 ya yi kaɗan, rubutun da ke gudu a ƙasan labarai da makin ƙwallo a kusurwa sai an matse ido.

Maganar 4K kuwa, a nan masu shago ke cika baki. Allon yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, jimillarsu ninki huɗu na allo mai ɗigo 1080 a tsaye. Sai dai lafiyayyen ido ba ya bambance ɗigon mai 1080 a allon inci 55 da zarar an wuce kusan mita 2.2. A mita biyu da rabi, bidiyon 4K na YouTube da mai 1080 mai kyau kusan ɗaya suke fitowa, duka tangaran. Inda bambanci yake fitowa fili shi ne a hoton da bai kai 1080 ba. Yawancin tashoshin dish na kyauta har yanzu layi 576 suke watsawa, tsofaffin finafinan Hausa da aka ɗora a intanet kuma wasu 360 ne ko 480. Talabijin sai ya shimfiɗa wannan ɗan hoton ya cika allo, fuskoki su yi dishi-dishi, duhun dare ya koma dabbare-dabbare. Wanda yawancin kallonsa irin wannan ne, mai 55 ya fi masa rufin asiri a kan mai 65 a nisa ɗaya. Kuma a jona dikoda da wayar HDMI, a shiga saitinta a ɗaga fitar hoto zuwa 1080. Wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, ba ta ɗaukar hoto mai kyau ko da tashar tana da shi.

Babban abin da ban so ba shi ne kallo daga gefe. Allon nau'in da ake kira VA ne, baƙinsa ya yi baƙi sosai ga wanda ke fuskantarsa, amma mai zama a kujerar da ke jikin bangon gefe yana ganin launi ya koɗe, ja ya koma kamar ruwan hoda. Falonmu kuwa galibi kujeru kewaye suke da bango. Idan haka naka yake, nemi mai allon da ake kira IPS, wanda ya fi riƙe launi daga gefe, ka haƙura da baƙin da ya ɗan yi toka-toka da dare. Gwajin a shago ba wuya: tsaya a gabansa, sannan ka yi taku uku gefe kana kallon fuskar mutum a allon.

Sai ratayewa. Masu kafawa sun saba ɗaga shi sama don gudun hannun yara, wani har kusa da silin. Bayan rabin wasan ƙwallo wuya ya ƙage. Tsakiyar allo ya kamata ta yi daidai da idon wanda ke zaune, kusan santimita 100 zuwa 110 daga ƙasa ga mai kujera, kenan gindin mai inci 55 yana wajen santimita 70. A gidan da aka fi zama kan kafet ko tabarma ido yana ƙasa da haka sosai, sai a ƙara saukar da shi. In dole ne ya yi sama, a sayi ƙarfen ratayewa mai sunkuyowa. A duba tazarar ramuka huɗu na bayansa kafin sayen ƙarfen, galibi milimita 200 ko 300 ne kowane gefe, kuma kada a ɗaura sukurin da ya fi ramin tsawo, yana iya taɓa kayan ciki. A bulo mai rami, ƙaramar fisha, wato robar da ake cusawa a ramin bango don ta riƙe sukuri, tana kwancewa a hankali, gara a nemi doguwa, a huda inda bulon yake da tauri. Wanda zai ajiye shi kan tebur ya auna tazarar ƙafafun tukuna, domin a wasu ta haura mita ɗaya.

Kada ya fuskanci taga. Gilashinsa yana ɗaukar haske, da rana sai ka riƙa ganin labule da kanka a cikin hoto.

Wuta ma abin lissafi ce ga mai sola ko inbata. Irin wannan girman yakan ci wat 70 zuwa 120 gwargwadon hasken da aka saita, kusan ninki biyu na mai inci 32, ainihin adadin yana jikin takardar da ke bayansa. Yana zuwa daga kwali da hasken a ƙure. Rage hasken fitilun da ke bayan allo zuwa rabi yana sauƙaƙa wa batir, yana hana ido raɗaɗi da dare, kuma yana tsawaita ran fitilun, waɗanda su ne suka fi mutuwa a irin waɗannan talabijin: murya na fita, allo baƙi ƙirin. A bar masa sarari kamar santimita 10 sama da gefe don zafi ya fita, a haɗa shi da abin tare hawan wuta. Ƙurar hunturu a share ta da busasshen ƙyalle mai laushi, ba a fesa ruwa kan allon ba, domin yana gangarawa ya shiga ta gindi inda siraran wayoyin allon suke.