Ilford HP5 cikin dusar ƙanƙara: abin da munka gani bayan wankin naɗi biyu

Jama'a ni dai ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba, iyakar sanyin da na sani shi ne na watan Janairu in hazo ya rufe Gulbin Maradi, to amma hoto kam cikinshi na tashi, Baba ya yi shekaru yana da shagon hoto wajen babbar kasuwa kafin waya ta kashe sana'ar, kuma har yau ɗakin wankinshi na nan bayan gida an cika shi da buhunnan gero. Ƙanena da ke karatu a Gurenobul can Faransa shi ya tahi da tsohuwar kamara Pentax K1000 ta Baba, ya sayi fim baƙi da fari na Ilford HP5 Plus naɗi biyu, kowane hoto 36, ya ce kuɗin ɗaya ya kai wajen jikka shida in an juya Yuro, ya hau duwatsun Alp ya ɗauko, da ya zo hutu ya kawo muna su ba a wanke ba haɗe da magani da takarda.

Fim ɗin na kamfanin Ingila ne, ƙarfinshi na kama haske 400, wannan samfurin mai Plus tun 1989 ake yin shi. Wankin kanshi ba wuya sai ruwa. Maganin ID-11 yana son digiri 20 na minti bakwai da rabi, mu kuwa ruwan randarmu ma ya ɗara haka nesa, sai da na aiki yaro ya sawo ƙanƙara ta dala ashirin munka jera cikin roba muna tsoma ma'aunin zafi kamar masu jinya, Baba na dariya wai ƙanƙarar Maradi ce za ta fiddo ta Turawa.

Naɗi na farko ya ba ni haushi wallahi. Da munka ɗaga kilishe ɗin (ba na nama ba fa, fim ɗin da anka wanke nake nufi) ga fitila sai na ga duk ya yi shara-shara, da munka buga a takarda dusar ta fito toka-toka kamar bangon siminti da ba a shafe ba, itatuwa kuma baƙi ƙirin ba ka ganin ko ɓawonsu. Laifin fim ne? A'a. Allurar awon haske da ke cikin kamara ce ta yaudari ƙanen nawa, ita an yi ta ne ta ɗauka duk abin da ke gabanta ruwan toka ne tsaka-tsaki, to in ta ga fari fat ko'ina sai ta ce haske ya yi yawa a rage, shi kuma yaro ya daidaita allura a tsakiya cif kamar yadda anka koya mishi. Baba ya ce haka yake faruwa da ango mai farar shadda tsakar rana. Gyaran shi ne ka ƙara haske mataki ɗaya da rabi ko biyu bisa abin da allura ta ce.

Allah ya sa tsakanin naɗin biyu ya kira gida, Baba ya ce mishi kai buɗe ido na kamarar ka rabu da allura. Shi ya sa na biyun ya zama wani abu daban, kuma nan ne na yarda da HP5. Akwai hoto guda, shingen katako ya nutse rabi cikin dusa, rana ta yi ƙasa tana haskowa daga gefe, fari ne amma farin na da jiki, kana ganin inda iska ta share shi layi-layi irin na rairayin gulbi in rani ya yi, ga sawun wani da ya ratsa kowane rami da ƴar inuwa cikinshi, na daɗe ina kallon wannan. A hotuna wajen uku ya zarce da hasken sosai amma fim ɗin ya riƙe, da munka ƙara ma takarda lokaci sai zanen ya dawo, waya da tuni wurin ya ƙone fari tas ba abin da za ka ceto.

Abin da bai yi mini ba shi ne tsaki-tsakinshi. Inda sama ta yi gajimare ba komai cikinta, in ka faɗaɗa hoton sai ka ga kamar an watsa tsakin gero, wasu na son haka, ni ga dusa na fi son sumul. Sannan 400 ya yi ƙarfi da yawa ranar da rana ta buɗe bisa farin dutse, K1000 iyakar saurinta 1/1000 na daƙiƙa, ya ce Yaya duk na ƙure lambobin. Irin wannan rana fim FP4 Plus mai ƙarfi 125 zai fi dacewa, HP5 a bar ma ranar gajimare da marece. Da ya samu gilashi rawaya ya ɗaura gaba ma da sama ta ƙara duhu ta rabu da kan dutsen, don hotuna da yawa ba ka sanin inda dutse ya ƙare sama ta fara.

Shi ma mai ɗaukar na faɗa mishi gaskiya, rabin hotunan fili ne fari fetal ba icce ba mutum ba inda ido zai sauka, ya tsaya nesa yana mamakin dusa ya manta da hoto. Cikin 72 guda tara na ware.

Zan sake saye? Ƙwarai. Na riga na ce ya aiko mini naɗi uku kafin Disamba, ina so in gwada shi da sassafe bakin tafkin Madarunfa lokacin hazo, sai dai buhunnan geron nan Inna ta ce ba inda za su.