Tallafin kiɗa a Harlem: wasan titi ko ajin matasa?

Ƙungiyar Jazzmobile, da makaɗin piyano Billy Taylor yana cikin waɗanda suka kafa ta a unguwar Harlem ta birnin New York a 1964, tana shirya wasan jaz, wani salon kiɗan Amurka, kyauta a titi, tana kuma koyar da kiɗa ranar Asabar. Idan kuɗi bai isa duka biyun ba fa?

Babbar tawagar jaz takan kai makaɗa 17, kowa da ladansa, ga hayar lasifika. Dare ɗaya kuɗin ya ƙare, amma unguwa kaf ta ji.

Aji kuwa ba ya tara jama'a, mai ba da tallafi ma ba ya samun hoton nunawa. Kuɗinsa na malami ne da kayan busa da gyaransu, mako-mako. Ni dai nan zan zuba kaso mafi tsoka, tunda yaron da iyayensa ba za su iya saya masa kayan busa ba a ajin zai fara taɓa su.