Karatun Ci Gaba Mai Ɗorewa a Jami'a: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa (wato ci gaban da ba ya lalata muhalli ko tauye masu zuwa a gaba) guda 17 a shekarar 2015, da wuya a buɗe shafin wata jami'a ba a tarar tana tallar kishin muhalli ba. Sai dai jami'o'in sun bi hanyoyi daban-daban wajen shigar da wannan ilimi cikin manhajarsu, don haka ya kamata ɗalibi, ko uban da zai biya masa kuɗi, ya san irin hajar da ake miƙo masa.

Akwai masu ba da digiri na musamman a fannin, kamar Jami'ar Jihar Arizona a Amurka, wadda ta buɗe makarantar wannan fanni a 2006. Ɗalibi yana haɗa kimiyyar muhalli da tattalin arziki da tsara manufofi, ya fito da faɗin fahimta. Matsalar tana zuwa ranar neman aiki, lokacin da za a tambaye shi ko injiniya ne ko masanin noma, alhali ya taɓa kowanne bai ƙware a ɗaya ba. A ganina irin wannan ya fi dacewa a matsayin digiri na biyu, a kan tushen digiri na farko mai ƙwari.

Wasu kuma darasi ɗaya suke tilasta wa kowa. A Indiya, umarnin Kotun Ƙoli na 1991 ne ya kai ga mayar da nazarin muhalli wajibi a matakin digiri na farko, Jami'ar Kalifoniya reshen San Diego kuwa ta soma neman sababbin ɗalibanta su ɗauki darasi kan sauyin yanayi daga 2024. Duk wanda ya zauna a zauren darussan GST, wato darussan gama-gari da ake wajabta wa kowa a jami'o'in Najeriya, ya san yadda irin wannan kan ƙare idan ba a kula ba: ɗaruruwan ɗalibai, malami ɗaya da lasifika, a haddace a ci jarrabawa a manta. Kada darasi guda ya zama dalilin zaɓen jami'a.

Hanyar da ta fi inganci, kuma ta fi wuyar tantancewa daga nesa, ita ce a saƙa batun cikin kowane fanni. A Jami'ar Leuphana da ke Jamus, tun 2007 dukan sababbin ɗalibai zango ɗaya suke yi tare, inda batun ɗorewa ke cikin aikin binciken da suke yi rukuni-rukuni kafin kowa ya nutsa cikin fanninsa. Duk jami'ar da ta ce haka take yi, a nemi jerin darussan sashen da ake so, a ga ko batun ya shiga jarrabawa da aikin kammalawa, ko kuwa a takardar talla kawai ya tsaya.

Jadawalin matsayi da ke jera jami'o'i bisa ƙoƙarinsu a wannan fanni ma yana bukatar hattara. GreenMetric, wanda Jami'ar Indonesiya ta fara a 2010, ya fi ba da maki kan lantarki da shara da ruwa da sufuri a harabar makaranta, na mujallar Times Higher Education da ya soma a 2019 kuwa ya dogara sosai ga bayanan da jami'o'in suka aika da kansu. Jami'a na iya cika rufinta da farantan sola alhali azuzuwanta ba su canza ba.

Wanda aikinsa zai kasance kan kwararowar hamada ko noman rani ba lallai ya tsallaka teku ba. Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da shirin WASCAL na nazarin sauyin yanayi a Afirka ta Yamma da Jamus ke tallafa wa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, suna yin bincikensu a kan ƙasar da ɗalibin zai yi wa aiki, kuma kuɗin bai kai na Turai ba. Kafin a cika takardar nema, a tambayi wanda zai duba aikin binciken, da kuma wanda zai ɗauki nauyin fita fili tattara bayanai.