Albaniya: abin da kuɗinka zai saya, da abin da za ka taho da shi daga gida

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali. Na ga saƙonka cewa in ka je Santambul sarin kaya a wannan karon kana so ka ƙaraso Tirana, babban birnin Albaniya, ka ga inda nake zaune. Madalla. Daga can zuwa nan jirgi ba ya cika awa biyu a sama. Tun da kai ɗan kasuwa ne, na san tambayarka ta farko ita ce nawa kaza, nawa kaza, don haka ta nan zan ɓullo maka.

Amma biza tukuna. Mai fasfon Najeriya sai da ita, kuma ta intanet ake nema. Wanda yake da bizar Shengen (ta rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya) mai shiga da yawa wadda ya riga ya taɓa shiga da ita, ko irinta ta Amurka ko Ingila, ana barinsa ya shigo da wannan ɗin. Ka sake duba ƙa'idar kafin ka yanki tikiti. Ka riƙe takardar masauki da tikitin komawa a hannu, domin mai koren fasfo ana yi masa tambayoyi fiye da na gabansa a layi.

Kuɗin ƙasar sunansa lek. Lissafinsa ba wuya: yuro ɗaya na kusa da lek 100. Shekara goma da suka wuce yuro na kai wa wajen lek 140, amma baƙi masu yawon buɗe ido sun yi ta kwararowa da yuro, a 2023 kaɗai sun haura miliyan 10, ga kuɗin da 'yan ƙasar da ke Italiya da Girka ke aikowa gida, sai lek ya yi ƙarfi. Wanda ya ce maka Albaniya araha ce kamar banza, labarin da yake ba ka ya kwana biyu. Naira kuwa babu mai karɓarta, ko kallonta ba za su yi ba. Ka zo da yuro a hannu. 'Yan canji suna ko'ina cikin gari a ƙananan shaguna, farashi rubuce a allo, ribar da suke ɗorawa 'yar kaɗan ce, babu ja-in-ja. Na filin jirgi ne kawai ke da tsada, ka canza abin mota a can ka bar sauran. Na'urar cirar kuɗi tana yankar lek ɗari biyar ko fiye a kowane cira da katin waje, kuma mai burodi, mai kayan miya, direba, duk tsaba suke so.

Ga inda baƙo ke ruɗewa. A 1965 gwamnati ta sauya kuɗi, lek goma na da ya koma ɗaya. Takardu sun canza, bakin mutane bai canza ba har yau. Tsohuwa mai sayar da tumatir za ta ce maka dubu ɗaya, alhali ɗari take nufi. Ka san yadda mutumin Maraɗi zai ce maka dala ashirin yana nufin sefa ɗari. To haka abin yake, sai dai nan sifili ɗaya za ka cire. Har yaran da aka haifa bayan 2000 haka suke ƙirga. Abin da aka rubuta a jikin kaya a kanti sabon lissafi ne, abin da aka faɗa da baki sai ka tantance. Ni wayata nake miƙa wa mai kaya ya rubuta adadin, ko in ɗaga takardar kuɗin in nuna masa. Yawancinsu in ka ba su fiye da ƙima za su maido maka suna dariya, amma a bakin teku lokacin cikar baƙi ba kowa ke da wannan tsoron Allah ba.

Daga filin jirgi na Rinas zuwa tsakiyar gari kilomita 17 ne. Bas na tashi duk awa a kan lek 400, tasi kuwa ya haura dubu biyu. Cikin gari bas lek 40 ne duk inda za ka, kwandasta na ratsa mutane yana karɓa yana yaga maka 'yar takarda. Uber ba ya aiki a nan. Jirgin ƙasa ka manta da shi, tashar Tirana ma tun 2013 aka rushe ta. Tsakanin garuruwa sai manyan bas da ƙananan da suke kira furgon, kuma a nan za ka ji kamar ba ka bar gida ba: sunan gari a gilashin gaba, direba na tsaye yana kiran fasinja, wata ba ta tashi sai ta cika, ana biya a hannu. Durres, garin tashar jiragen ruwa, bai kai awa ɗaya ba in hanya ta yi kyau. Shkoder a arewa wajen awa biyu, Berat awa biyu da 'yan kai, kowanne kusan lek 500. Ka yi sammako, domin da la'asar motocin garuruwa da yawa sun ƙare. Bambancinsu da namu shi ne ba a cusa mutum huɗu a kujerar uku. Tuƙinsu dai sai addu'a. Zamanin gurguzu talaka ba shi da izinin mallakar mota, sai bayan 1991 suka fara saye, kuma tsohuwar Marsandi suka fi ƙauna. Mai na da tsada ƙwarai, lita na tsakanin lek 170 da 190, shi ya sa ban ba ka shawarar hayar mota ba.

Wuta ita ce abin da zai fara burge ka. Kusan dukkan lantarkin da suke samarwa daga madatsun ruwa ne, manyansu uku a kan kogin Drin: Fierza, Koman da Vau i Dejes. Shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci sai sun sayo daga waje. Ana ɗauke ta jefi-jefi, musamman a ƙauyuka, amma a unguwarmu ba ka jin ƙarar janareta da dare, firji kuma yana aikinsa. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da mahaɗi. Irin wanda kake amfani da shi a Turkiyya ya isa. Ruwan famfo kuwa bai kai wutar ba. Za ka ga tankuna jere a saman gidaje domin akwai unguwannin da ake ba su ruwa da lokaci, kuma mutane da yawa ba sa shan na famfo, manyan robobi suke saye. Layin waya da fasfo ake yanka, Vodafone ko One, na baƙi lek dubu biyu zuwa uku da data mai yawa, kuma tana gudu ba a cinye maka ita a ɓoye.

Yanzu abinci, inda na fi so ka buɗe kunne. Ƙidayar 2023 ta nuna kusan rabin mutanen ƙasar Musulmi ne, amma kada wannan ya sa ka saki jiki. Enver Hoxha, wanda ya mulke su daga 1944 har ya mutu a 1985, ya haramta addini ɗungurungum a 1967, aka rufe masallatai da coci-coci, wasu aka rushe, wasu aka mai da su rumbuna. Mutane suka tashi ba su san alwala ba. Sai ka haɗu da mai suna irin namu yana cin naman alade yana kurɓar raki, barasar da suke dafawa da inabi, kuma don karramawa zai miƙo maka ita da safe tare da kofi. Ka dafa ƙirji ka ce na gode, ba sa jin haushi. A gidan abinci ka koyi kalma biyu, mish derri, wato naman alade, ka tambaya kafin a zuba. Tsiran kanti da ƙwallon niƙaƙƙen nama da suke kira qofte su ne abin lura, don wasu na gauraya. Mahauta masu alamar halal suna nan, musamman kusa da masallatai, kuma gidajen abincin Turkawa sun yawaita.

In ka tsallake wannan, cimarsu mai kyau ce. Byrek, wani burodi mai falle-falle da cuku ko alayyafo a ciki, lek 50 zuwa 80, biyu sun ƙosar da kai har azahar. Ka haɗa da dhalle, nono ne tsinkakke mai ɗan gishiri. Akwai tave kosi na garin Elbasan, naman rago da 'yar shinkafa a gasa cikin kindirmo da ƙwai har samansa ya yi ja. Ranar da na fara ci na yi shiru na ɗan lokaci. A kasuwar Pazari i Ri da ke tsakiyar Tirana za ka ga abin da ƙasar ke nomawa da araha: tumatir, kankana, tufa daga Korca, lemo daga kudu, ɓaure, rumman, zuma, man zaitun a robar lemo ba tambari. Duk abin da ƙasarsu ta fitar ko hannunsu ya yi, da sauƙi. Duk abin da ya hau jirgi ya zo, waya ce, turare ne, kayan lantarki ne, ya fi na Santambul tsada, kada ka ɓata kuɗinka.

Abin da babu shi ne yaji. Barkononsu ado ne kawai. Babu attaruhu, babu daddawa, babu kuka, babu gero balle dawa, doya kuwa sai a mafarki. Kuɓewa ɗanya tana samuwa da zafi, garin masara kuma yana nan, da shi nake tuƙa tuwo. Don Allah ka taho min da yajin ƙuli, kuka, daddawa a ɗaure da kyau, da busasshiyar kuɓewa. Kilishi ka bar shi, kayan nama na jawo magana a filin jirgi.

Wasu ayyukan hannu mun fi su nesa ba kusa ba. Telansu gyara ya iya, rage tsawon wando da sa zif. Babu mai ɗinka maka kaftani, ka zo da naka. Mai aski lek 300 zuwa 500 ne amma bai san kan gashinmu ba, ka yi askinka a Kano. Takalmi dai suna da shi mai kyau, don masana'antunsu na yi wa kamfanonin Italiya aiki, wannan kam ka duba da idon ɗan kasuwa. Sannan ka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro ka sa a jaka. Ba su da cutar a nan, ba lalle ka same shi a kantin magani ba, kuma in zazzaɓi ya taso maka sai ka faɗa wa likita da bakinka daga inda ka fito. Lambar gaggawa 112.

Sallah ba za ta yi maka wuya a Tirana ba. Masallacin Et'hem Bey na bakin dandalin Skanderbeg, ƙarami ne mai zanen itatuwa da furanni a bango, ya tsira daga rusau don an ɗauke shi kayan tarihi. A Janairun 1991 dubban mutane suka shiga suka yi salla ba da izinin hukuma ba, 'yan sanda suka tsaya kallo. Babban kuwa shi ne Namazgah mai hasumiya huɗu, wanda Turkiyya ta gina aka buɗe a Oktoban 2024. Can nake Juma'a. In lokaci ya ba mu, zan kai ka Kruja ka ga tsohuwar kasuwar darduma a gindin ganuwa, da Berat mai fararen gidaje a jikin dutse taga bisa taga. Ka zo a watan Mayu, Yuni ko Satumba. Yuli da Agusta zafi na kusan kai 40, masauki a bakin teku ya ninka kuɗi. Hunturu kuma ruwa ne da danshi, gidajen ba su da abin ɗumama na kirki, sanyin cikin ɗaki ya fi na waje cin rai.

Za a kalle ka, wannan ka shirya masa, musamman in ka sa babbar riga. Yara za su nemi hoto, tsofaffi su tambaye ka ko ƙwallo kake bugawa. Galibi son sani ne, kuma dare ko rana ina yawo ba wanda ya taɓa tare ni. Matasa na jin Turanci, manya Italiyanci.

Sai maganar yaron nan na Baba Ƙarami da ka ce wani ya yi masa alkawarin kawo shi nan daga nan ya wuce Italiya. Ka hana shi sayar da filinsa. Albaniya ba ta cikin Tarayyar Turai, ba ta cikin Shengen. Tun 2014 take matsayin mai neman shiga. In ka tsaya a Saranda, wani gari a bakin teku can kudu, kana hango tsibirin Korfu na Girka da idonka, jirgin ruwa mai gudu rabin awa ne, amma bizar Albaniya ba ta hawa da kai. Su kansu 'yan ƙasar ficewa suke yi: sun haura miliyan 3 wajen 1990, ƙidayar 2023 ta same su miliyan 2.4. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2023 lek 40,000 ne, kusan yuro 400, kuma hayar ɗaki da falo a cikin Tirana kaɗai na iya cinye shi. In yana da sana'a a hannu da takardar aiki ta gaskiya daga wanda zai ɗauke shi, sai mu yi magana. In ba haka ba, ka turo min lambarsa in yi masa bayani da kaina.

Ka sanar da ni ranar saukarka da lambar jirgin, zan zo Rinas in tarye ka. Ka gaishe min da Hajiya da kyau, ka ce mata man zaitun ɗinta na ajiye, kai za ka kai mata.