Sharhi: Makonni goma da na yi ina zuwa gashi saboda ciwon muƙamuƙi

Kusan shekara guda na yi ina neman maganin ciwon kunne, alhali kunnena lafiyarsa ƙalau. Ciwon yakan tashi daga gaban kunnen dama, ya haura gefen goshi, wani lokaci ya gangara har ƙeya, kuma ya fi tsanani da asuba, ta yadda nakan tashi sallah kaina ya yi nauyi, bakina kuma ya ƙi buɗuwa sosai sai rana ta ɗaga. Likitan kunne ya haska ya ce bai ga komai ba. Likitan haƙori ya ɗauki hoto, bai sami kogo ko ɗaya ba, amma shi ne ya ɗora yatsunsa a gaban kunnuwana ya ce in buɗe baki a hankali. Da ya ji gaɓar muƙamuƙina ta yi ƙas, ya kuma ga yadda turamen haƙorana suka fara cinyewa, sai ya rubuta mini takarda zuwa sashen gashi, wato inda ake gasa jiki da motsa gaɓoɓi a asibiti. Na yi mamaki ƙwarai, domin a sanina masu shanyewar ɓarin jiki da masu karaya da masu ciwon baya ake turawa can.

Ruɗanin da na shiga daɗaɗɗe ne a wajen likitoci. Tun a 1934 wani likitan kunne da maƙogwaro ɗan Amurka mai suna James Costen ya yi rubutu a kan marasa lafiyar da ke zuwa masa da kukan kunne, alhali asalin damuwarsu a muƙamuƙi take. Gaɓar, wadda likitoci ke kira TMJ a taƙaice, tana dab da ƙofar kunne, shi ya sa mai ciwon ba ya iya bambance inda zafin yake fitowa. Matsalar ta fi kama mata, musamman masu shekara 20 zuwa 40, kuma ni ina da 38.

An haɗa ni da likitar gashi mace, kamar yadda na roƙa. Zaman farko ya ɗauki wajen minti 50, kuma mafi yawansa tambayoyi ne da gwaji. Ta sa ƙaramar rula tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa, ta ce bakina milimita 27 yake buɗuwa, alhali na mai lafiya yakan kai 40 ko fiye, wato daidai yadda mutum zai jera yatsunsa uku a tsaye su shiga. Nawa biyu ne suka shiga da ƙyar. Ta ba ni madubi na ga yadda haɓata ke karkata dama idan na buɗe, abin da ban taɓa lura da shi ba. Daga nan ta ɗauko ƙoƙon kan roba ta nuna mini wani ɗan faifan guringuntsi da ke zaune tsakanin ƙashin muƙamuƙi da ƙashin kai, wanda idan ya zame gaba sai a ji ƙara a lokacin da yake komawa mazauninsa, ta kuma nuna mini naman tauna guda biyu da suka fi wahalar da ni, ɗaya a kumatu, ɗaya shimfiɗe a gefen kai kamar mafici.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ta jefo muna tsakiyar magana. Ta ce, "Malama, yanzu haka da kike zaune, haƙoranki a haɗe suke ko a rabe?" Na lura sai na same su a datse. Ta bayyana mini cewa haƙoran sama da na ƙasa ba su da dalilin haɗuwa sai wajen tauna da haɗiya, kuma zaman hutun baki shi ne leɓɓa a rufe, haƙora a rabe, harshe kuma ya kwanta a rufin baki bayan haƙoran gaba. Ni malamar makarantar sakandare ce, ina duba littattafan ɗalibai fiye da 100 a mako, kuma da ta sa na kwatanta mata zamana a tebur, sai ga ni na sunkuyar da kai, na rafka tagumi da hannun dama, haƙora a cije. Ga kuma maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa idan ina girki, ga cingam da nake taunawa don kada barci ya ɗauke ni. A ganina wannan binciken shi ne mafi daraja cikin duk abin da aka yi mini, domin ya nuna mini cewa ciwon da nake kwana da shi da rana nake tara shi.

Sau biyu a mako nake zuwa. Akan fara da ɗora ƙunshin ɗumi a kumatu na minti 15, wani lokaci a liƙa mini wayoyin wata ƙaramar na'ura mai sakin lantarki kaɗan-kaɗan. Na'urar tana kwantar da ciwon na 'yan sa'o'i, kuma iyakar abin da zan ce game da ita ke nan. Aikin hannu ne ya yi tasiri. Likitar takan sa safar hannu, ta zura babban yatsa cikin bakina, ta kama naman kumatun daga ciki da waje, ta bi shi har ta sami wurin da ya dunƙule, ta danne ta riƙe har ya saki. Ranar farko da ta taɓa wani wuri, sai na ji zafin ya harba cikin kunnena, daidai inda na shekara ina ɗiga magani. Hawaye suka zubo mini, amma hankalina ya kwanta, tun da an kama bakin zaren. Bayan haka takan ja ƙashin muƙamuƙin ƙasa a hankali don gaɓar ta sami sarari, sannan ta koma kan wuya da kafaɗu, domin ta ce mai turo kai gaba ba ya rabuwa da ɗaurewar muƙamuƙi.

Motsa jikin da ta ba ni na gida tsarin wani likitan gashi ne ɗan ƙasar Chile mai suna Mariano Rocabado: motsi shida, kowanne a maimaita sau shida, a yi su sau shida a rana. A ciki akwai kwantar da harshe a rufin baki tare da numfashi ta hanci, da buɗe baki ba tare da harshen ya bar wurinsa ba, da tura haɓa a hankali a kan yatsa ba tare da an bari ta motsa ba, da ja da haɓa baya don miƙe wuya. Duka ba su wuce minti biyu ba. Wahalar tana wajen tunawa, sai na ɗaura su a bayan sallolin farilla biyar, na shida kuma idan zan kwanta, kuma tun daga nan ban ƙara mantawa ba.

Maganar barci ita ta fi damuna, don haka a kanta zan fi tsayawa. Maigida ya daɗe yana gaya mini cewa ina gurza haƙora cikin dare har yakan farka, amma ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Likitar ta hana ni kwanciya rub da ciki gaba ɗaya, saboda tana murɗa wuya tana kuma tura haɓa gefe guda tsawon dare, ta ce rigingine ya fi sauƙi ga gaɓar. A nan na nuna damuwata, domin tun ina yarinya aka koya mini kwanciya a ɓarin dama da hannu a ƙarƙashin kunci, kamar yadda ya zo a sunna, ga shi kuma ɓarin daman ne ke ciwo. Ba ta yi wasa da maganar ba. Ta kwantar da ni a gadon gwaji, ta nuna mini cewa ni dunƙule hannun nake yi in tokare haɓa da shi, nauyin kaina duka ya koma kan muƙamuƙi. Ta gyara mini: matashi mai kauri daidai faɗin kafaɗa ya ɗauki nauyin kai da wuya, tafin hannu a shimfiɗe sama-sama wajen ƙashin kunci, wani matashin kuma tsakanin gwiwoyi don kada jiki ya kife. Haka nake fara kwanciya in yi addu'o'ina, in na ji gefen ya gaji in juya rigingine.

Kafin kwanciya nakan jiƙa ƙaramin tawul da ruwan ɗumi in naɗe fuskata da shi kwata ɗin awa, in murza kumatu da gefen kai da yatsu. Na daina shan shayi bayan la'asar, na daina duba littattafan ɗalibai bayan isha'i, na kuma bar waya a falo. Likitan haƙori ya auna bakina ya yi mini robar da ake sawa a haƙora da dare. Gwara a sani tun farko cewa robar tana kare haƙora daga cinyewa ne, ba ta hana mutum cizawa, kuma darare huɗu na farko na riƙa tarar da ita a kan matashi da safe. A mako na uku ne na yi barci tun daga ƙarfe goma har kiran sallar farko ba tare da ciwo ya tashe ni ba, abin da na fi wata takwas ban samu ba. Ciwon kan asuba ya ɗauki lokaci fiye da haka, sai wajen mako na shida ya zama na jefi-jefi.

An kuma sa ni kan abinci mai laushi na wata guda: kunu, fate, tuwo da miyar kuka, ƙwai, kifi. Kilishi da ganda da ƙuli-ƙuli da rake da aya duka na ajiye su, kuma idan hamma ta zo nakan tallafe haɓa da hannu.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Layi yana da tsawo, ta yadda zaman minti 40 kan cinye mini rabin yini, dole na riƙa musayar darasi da abokan aiki. Sau biyu na je na tarar likitata ba ta nan, wanda ya karɓe ni kuma ya tsaya ga ɗumi da na'ura kawai, ya sallame ni, alhali kuɗin da na biya bai ragu ba. Takardar motsa jikin da Turanci aka rubuta ta, ba hoto ko ɗaya, kuma na ga wata dattijuwa ta ninke tata ta cusa a jaka ba tare da an karanta mata ba. Wannan gyara ne mai sauƙi wanda ya kamata a ce an yi shi tuntuni.

Duk da haka ina ba mai irin matsalata shawarar ya je, bayan likitan haƙori ko na kunne ya duba shi, ya kuma tabbatar mai gashin yana da rajista da hukumar MRTB, wadda ke ba su lasisi a Najeriya. Ban yarda a kai wa mai ɗori wannan gaɓa ya ja da ƙarfi ba. Wanda kuwa bakinsa ya maƙale a buɗe, ko fuskarsa ta kumbura da zazzaɓi, ko ciwon muƙamuƙinsa ya zo tare da nauyin ƙirji da gumi, asibiti zai nufa nan take, domin na ƙarshen nan yana iya zama alamar bugun zuciya.

Ranar da aka sallame ni, rula ta nuna milimita 41, yatsu uku suka shiga. Ƙarar gaɓar ba ta tafi ba, amma likitar ta ce ƙarar da ba ta tare da ciwo ba abin damuwa ba ce. A makon jarrabawa, da aiki ya taru, na ji kumatuna sun fara ɗaurewa, sai na koma kan tawul da motsin nan shida, cikin kwana uku abin ya lafa. An ba ni ranar komawa bayan wata uku, an kuma ce in zo da robar a duba ta.